Zaren Ciya

A Jidda, saman benen da muke aikatau,
na tarar da Ciya da allura a baki.
Larabcinta guntu, nawa gurgu,
da su muka lallaɓa.

Ita Hmong ce, daga duwatsun Biyetnam,
inda gajimare ke kwana a gonar masara.
Ta warware siket mai ninki ɗari,
na sansana: baba!
Warin marinar garinmu sak.
Su da kakin zuma suke zane kafin su tsoma.

Wannan murɗin katantanwa, in ji ta, dangi ne,
daga kaka yake faɗaɗa.
An ce rubutunsu ya salwanta a gudun hijira,
mata suka ɓoye shi a bakin zane.

Bayan girbi, ran sabuwar shekara,
samari da 'yan mata kan jefa wa juna ƙwallon ƙyalle,
wanda ya yar, ya biya da waƙa.
Ita da gangan ta yar.

Mabiyiyarta na binne ƙarƙashin gadon uwarta.
Rigar farko suke ce mata;
ran mutuwa, mai busa zai raka kurwa ta ɗauko.
Na yi shiru. Tawa tana bayan ɗaki a Gumel.

Da zazzaɓi ya kayar da ni
ta ɗaura mini farin zare a hannu,
wai kada kurwata ta bi jirgi ta bar ni.
Na ce ni Allah nake roƙo.
Ta gyaɗa kai, ta ƙara ƙulli.

Aka ƙwala kira daga ƙasa.
Muka sauka, kowa da kwandonta.