Bakwai Cikin Ashirin

Shekara talatin da ɗaya na yi a bakin inji,
a wani lungu na Fagge, bayan masu gyaran fanka.
Kalandar biki, katin suna, fastar 'yan takara,
dubu goma kafin azahar.
Har yau ƙasan farcena bai rabu da baƙi ba.

Na san inda fuskokin suke ƙarewa.
Mai ƙosai ta yage kunnen ɗan takara ta ƙunshe na hamsin,
akuya ta cinye rabin amarya a jikin bango.
Abin da aka buga dubu goma
ba a yi shi don a yi kewarsa ba.

Sai ga Zinatu, 'yar ƙanena,
ta dawo daga karatu da ƙananan wuƙaƙe a gwangwani.
Ta share ɗakin gawayi a gidanmu na Yakasai,
ta duƙufa kan katako guda, wata biyu cur,
tana sassaƙa, tana hurewa,
tuwo ya huce a gefenta ba ta duba ba.

Kududdufin bayan gida ta sassaƙa,
wanda aka cike bara waccan aka jera shaguna.
Ga kainuwa, ga balbela uku,
ga Inna Kande a tsugune tana cuɗa tukunya,
har tsohon silifa da ke yawo a bakin ruwa
ba ta manta ba.

Ranar bugu na tsaya a bakin ƙofa.
Ta shafa tawada, ta ɗora takarda,
ta murza da bayan cokali.
Cokalin miya!
Na ce, kawo in kai wa Ɗanjummai,
injinsa zai zubo miki dubu kafin ki sha ruwa.
Ta yi murmushi, ba ta ɗago ba.

Ashirin ta buga.
Ta shanya su a igiya kamar kayan jariri.
A ƙasan kowace, da fensir:
ɗaya cikin ashirin, biyu cikin ashirin,
da sunanta siriri a dama.
Sannan ta ɗauki wuƙa
ta keta katakon daga kusurwa zuwa kusurwa.
Na ji ƙarar har cikin haƙorina.
Na ce, ke 'yar nan,
wa ke cike rijiyar da ba ta ƙafe ba?

Ta ce, Baffa, alkawari ne.
Wanda ya ɗauki ta huɗu ya san 'yan'uwanta sha tara ne,
ba za a haifa mata ƙanwa a ɓoye ba.

Wata likita a Nasarawa ta ɗauki biyu.
Wani dillalin atamfa a Kwari ya taya, ya tafi, ya dawo.
Wani da ya koyi iyo a ruwan nan,
yanzu furfura ta kama shi a wata ƙasa,
ya ga hoton a waya, ya kira da tsakar dare.
Kuɗin buhun shinkafa ta faɗa masa,
bai nemi ragi ba.

Ta bakwai ta ba ni.
A nan ne cokalin ya zame mata,
fiffiken balbela ɗaya ya fito fari-fari,
kamar za ta tashi.
Na duba sauran kafin su watse,
ko ɗaya ba ta da wannan tabon.
Uwa ɗaya, tawada ɗaya,
amma ba fuska ɗaya ba.

Tana rataye kusa da agogo.
In an ɗauke wuta nakan haska ta da tocila,
in tuna akwai bango sha tara a wani wuri
inda ruwan nan yake kwance har yanzu,
da mutane sha tara, ko ƙasa da haka,
'yan unguwarmu ne yanzu,
ko da ba mu taɓa gaisawa ba.

Jiya jikana ya miƙa hannu da maiƙon awara.
Na daka masa tsawa har na ji kunya,
ni da na buga fuska ta fi miliyan
ban ajiye ko ɗaya ba.