Kuɗin Ɗanɗano

Ranar Asabar, bayan La'asar,
a ɗakin bayan shagon batirin Jazuli, can Dilimi,
mu shida kan benci biyu,
ƙwaya mai fuska ashirin tana birgima a faranti,
ruwan Jos yana dukan kwano kamar mai bin bashi.

Shekara huɗu ke nan muna haka.
Tasi'u ke jan labari, mu muna faɗawa ciki:
ni maƙeri ne mai tsoron rafi,
Nanret bokanya ce da ba ta iya ƙarya ba,
Gyang ɓarawo, a tebur kawai,
a waje shi ke riƙe da asusun cocinsu.

Sai ga sanarwa a wayar Zuwaira:
wani kamfani ya sayi lasisin zanen nan
da muke leƙe ta tagar maƙwabta muna yara,
zai mayar da shi wasan tebur.
Muka yi ihu har mai shayi ya leƙo.
Ta ce ku dakata, akwai saura.
Littafin bai nuna ba tukuna.
Mai son gwaji ya biya dubu goma sha takwas,
ya buga, ya rubuto musu inda ya karkace.

Shiru. Kwano kaɗai ke magana.

Jazuli ya ce, kura da shan bugu,
gardi da karɓe kuɗi!
A Farin Gada mai zuma kan ɗiga maka a yatsa kyauta.
Yaushe aka fara sayar da ɗanɗano?
Mu yi musu noma, mu kuma biya kuɗin fartanya?

Gyang ya jawo biro, haka yake.
Ya ce lasisi ba ganye ba ne da ake tsinka a hanya,
mai zane ma yana da haya a kansa.
Nanret ta ce, to su ce taimako suke nema,
su daina kiran shi gata.
Zuwaira tana murza ƙwaya a tafinta:
in ba mu shiga ba, wa zai gaya musu
jarumar nan ba ta taɓa neman gafarar kowa ba?

Aka ɗaga hannu. Ba za mu biya ba.
Nawa hannun ya fi na kowa tsawo.

Ƙarfe ɗaya na dare, cikin bargo,
na tura kuɗin cika tukunyar gas.
Waya ta yi ƙara, na danne ta da filo
kamar Jazuli zai ji daga Gangare.

Asabar ta dawo.
Na shigo da takardu ɓoye a rigar sanyi.
Gyang ya zaro nasa daga jaka, yana kallon silin.
Zuwaira ta ajiye nata, duk jan layi.
Jazuli ya yi tari, ya buɗe durowa:
nasa har da bango mai sheƙi.
Dubu saba'in da biyu, littafi ɗaya,
ɗanye kuma.

Muka buga.
A shafi na arba'in da uku wata doka ta kwance,
Nanret ta kashe babban mugun da tsintsiya
a jifa ta farko,
mugun da ya hana ni barci ina aji uku.
Mun yi dariya har ta koma wani abu daban.

Shafi shida na gyara muka tura.
Amsa ta zo kafin in ajiye waya,
godiyar inji, babu sunan kowa.

Tasi'u, wanda bai ba su ko sisi ba,
ya ari fensir, ya soke dokar,
ya rubuta tasa a gefe da rubutunsa na kaza.
Da ita muke bugawa har yau.

A gida kuwa, gawayi nake hurawa
har ƙarshen wata.