Bas Mai Lamba Bakwai

Gocha nake, direba a Tbilisi.
Ramukan titin da muka shekara goma muna tsine wa,
dare ɗaya aka cike su don baƙi.

Da asuba nake kwasar yaran,
'yan ninkaya, 'yan dambe, masu tsalle da sanda.
Ba na jin yarensu.
Dariya dai ba ta neman tafinta.

Jiya wata 'yar Estoniya ta sha kaye a tsere,
ta zauna can baya, takalmanta a cinya.
Na taka birki ƙofar gidan burodin Tsiala,
ba tasha ba ce,
na miƙa mata mai zafi.
Ta ci rabi tana share hanci.

Ragowar na nan gefen sitiyari.
Ya bushe. Na kasa yarwa.