Zazzaɓin Tarakta a Konya

Kwana tara da fara girbi a filin Konya,
alkama ta nuna har ta sunkuyar da kai,
ina jan tirela, sai allura ta haye kan ja,
tururi ya taso ta ƙarƙashin bonet
kamar tukunyar da aka manta a murhu.

Na kashe inji. Shiru ya sauko.
Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na ƙarfe yana hucewa.

Babana Nevzat yana gindin tuffa,
a kujerar roba da muka ɗauko masa.
Tun bara ɓarin jikinsa ya shanye,
harshe ya yi nauyi, hannu ɗaya ya rage.
Shekara talatin da ɗaya shi ke kan sitiyarin nan,
yau ni ne a sama, shi yana kallo.

Na kai hannu ga murfin lagireto,
ya buga sanda a ƙasa, sau biyu.
Na tuna tabon ƙuna a tsintsiyar hannunsa.
Na janye, na zauna a inuwar taya
har ƙarfe ya yarda a taɓa shi.

Ruwa ya ragu, amma bai ƙafe ba.
Na bi tiyo da yatsa, sama da ƙasa,
babu tsaga, babu ɗigo, ƙasa a bushe.
Na danna fambel da babban yatsa,
ya lotsa kaɗan, ya dawo, lafiya lau.
Ƙaiƙayi ya liƙe a haƙarƙarin lagireto,
na hure, na goge, na ce ai na kama ɓarawo.
Baba ya girgiza kai.

Na zaro sandar awon baƙin mai,
gabana na faɗuwa, kar in ga ya yi fari kamar madara,
don in gaskit ya ƙone, girbin bana ya tafi
kuma bashin taki yana nan yana jira.
Baƙi ne wuluk. Na yi ajiyar zuciya.
Na ƙara ruwa, na tayar, na leƙa bakin lagireto:
ba kumfa. Salansa ma ba farin hayaƙi.

To ina ciwon yake?
Minti goma, allura ta sake hawa.

Baba ya miƙo hannunsa mai rai,
ya nuna tiyon sama, ya nuna lagireto,
ya dunƙule yatsu, ya ƙi buɗewa.
Na dafa: inji kamar garwashi,
lagireto kuwa da ɗumi-ɗumi, kamar ba shi a wurin.
Ruwa na tafasa a ɗaki, an kulle masa ƙofa.

Sifana mai lamba sha uku, noti biyu,
ɗaya ya yi gardama sai da na ɓare ƙuƙumin yatsa.
Ga tamostat a tafin hannuna,
ɗan mai gadi, bai kai ƙwan kaza ba.

Inna Ferhunde ta iso da butar shayi.
Kafin ta sauke na jefa shi ciki.
Ta ce, "Remzi, ka haukace ne?"
Ruwa ya tafasa, ya yi ta tsalle,
mu uku mun sa ido a bakin buta.
Ko motsi. Bakinsa a rufe gam.

Baba ya yi dariya da rabin baki,
har hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya ji.
Ya yi ta kokawa da wata kalma,
ban kama ta ba, na ce masa, "Haka ne."

Na hau babur zuwa Çumra kafin a rufe shago.
Da na dawo, rana ta yi ja, tirela na nan a tsaye,
Inna ta wanke buta sau uku tana mita,
Baba kuwa ya shanye kofi biyu
na shayin da ke ɗanɗanon tsatsa.