Ɓarauniyar Hanya

Daga tafkin Kware na ɗebo su a gorar roba,
ruwa kore shar.
Gansakuka ce fa, in ji masunci, me za ka yi da ita?

A Dundaye, ƙarƙashin madubin ƙara girma,
kowace ƙwaya ita kaɗai ce gidanta.
Cikinta akwai ɗan madafi, mitokondiriya,
inda ake ƙona abinci da iska a samu ƙarfi.

Dakta Saude ta ce in ɗiga sayanaid.
Na ɗiga. Hannuna bai yi rawa ba,
na saba kashe abin da ba ya kuka.
Gubar ta datse babbar hanyar numfashi,
muka zuba wa allurar awo ido, muna jiran ta kwanta.

Ta sauka. Ta yi jim. Ba ta kwanta ba.

Ashe akwai ɓarauniyar hanya a ciki,
wadda ba ta da riba sosai:
ƙarfi kaɗan ake samu,
saura ya tafi a zafi.
Amma ana shan iska.

Sai na tuna daminar da ruwan Rima
ya raba mu da gadar Kwalkwalawa,
muka riƙa zuwa aiki a kwalekwale,
takalmi a hannu, albashi na ƙarewa a kuɗin fito.
Ba wanda ya ce mun ci riba.
Mun dai isa.

Da La'asar na wanke kwalabe.
Guda ɗaya ban zubar ba,
tana nan bakin taga, inda rana ke faɗowa.