Layin Farko

Ƙarfe goma na dare a Rikkos,
an ɗauke wuta, cajin waya ya kusa ƙarewa,
ni da farar takarda muna kallon-kallo
kamar mai bin bashi da wanda ake bi.

Madam Kangyang ce ta ba ni aikin.
Acca take wankewa, ta shanya, ta ɗura a leda.
Ta ce, "Hashimu, ba ni da kuɗin allo a bakin titi,
rubuta min abin da zai tsayar da mutum."

Na rubuta: Muna farin cikin sanar da jama'a.
Wa ya tambaye mu farin cikinmu?
Na goge.
Na rubuta: An kafa kamfaninmu a shekarar kaza.
Wannan ai takardar haihuwa ce, ba sallama ba.
Na goge.
Inganci, rahusa, gaskiya da amana,
kalmomin da aka yi ta sawa har suka koɗe,
ko a gwanjon Katako ba mai taya su.

Shi mai karatu ba a zaune yake ba.
Yana maƙale a bayan keke,
babban yatsansa na gudu a kan gilashi,
ya wuce ɗaurin aure, ya wuce ta'aziyya,
ya wuce ƙwallon jiya.
Numfashi ɗaya zai ara maka,
shi ma bai san ya ara ba.

Da safe na bi ta tashar Bauchi.
"Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"
Ƙafata ta tsaya, alhali ba inda za ni.
Na ce yau ga malamina.
Sai na leƙa motar:
huɗu daga cikin fasinjojin 'yan tasha ne,
zaman cika ido suke,
kana biya su sulale ɗaya bayan ɗaya.
Ƙugiyar ta kama, ba musu,
amma kifin da ya tsira da yagaggen baki
gobe ko tsutsar gaske ya gani, kewayewa zai yi.

Na tafi shagon Madam a Dadin Kowa,
na bar biro a aljihu, na zauna kan buhu.
Wata mata ta shigo da goyo,
ta ɗauki leda, ta kaɗa kusa da kunne
kamar mai sauraron cikin ƙwai.
"Babu tsakuwa dai ko?
Wancan satin maigida ya kusa barin haƙori a kwano."
Madam ko ɗaga kai ba ta yi ba:
"Sau bakwai nake rairaya.
In kin tauna yashi, dawo min da ledar."

Kwana huɗu ina tonon rijiya,
ashe ruwan na bakin mai saye.

A bayan rasit na rubuta:
Yaushe rabonki da shan gwaten acca
ba ki tauna tsakuwa ba?
Layi na biyu ya ɗauki sau bakwai ɗin,
na uku farashi da lambar waya.
Sunan kamfani na ajiye shi can ƙasa,
inda baƙo ke tuɓe takalmi.

Bayan la'asar Madam ta kira, tana dariya tana tari.
"Me ka rubuta ne, yaron nan?
Wata ta bugo daga Bukuru,
ko gaisuwa babu, sai cewa ta yi:
Tun bikin ƙanwata!
Na ce bikin wa?
Ta ce a kawo mata leda shida."

Yanzu ga wani aikin a gabana,
mai gyaran famfo a Farin Gada.
Hannuna har ya fara: Muna farin cikin...
Na kama shi.
Gobe zan bi shi gidan da ke yoyo
in ji abin da matar gidan za ta fara faɗa.