Lafiya, Baba?

An sallame asuba a Bolari,
na rataye carbi, na kurɓi ruwa,
na zura kambas ɗin jikana,
ya yi mini yawa, na cusa masa tsumma,
na naɗe ƙafar wando, na kama hanya.

Shekara talatin da ɗaya a reluwe
ina ɗaga tuta, jirgi na wucewa,
ƙarfe na gudu, ni ina tsaye.
Yau jirgin ya kwanta, ciyawa ta ci dogo,
ni kuma aka ce wa tashi ka yi tafiya.

Likitar sa'ar autata ce.
Ta dubi takarda, ta dube ni:
"Baba Manu, sukari ya hau, jini ya hau,
ko ka motsa, ko a motsa ka."
Na san motsin da take nufi,
na mutum huɗu da makara,
wanda 'yan rakiya ke juyowa, kai ba ka juya.

Ranar farko, daga soro zuwa mai ƙosai,
ƙirjina ya koma zugazugin maƙera,
gwiwar hagu ta ce ba da ita ba.
Mai shayi ya ajiye kofi ya miƙe,
ya ce, "Lafiya, Baba?"
yana leƙen abin da ya koro ni ta baya.

Da gaskiyarsa. A garinmu babba ba ya gudu
sai gobara, sai sa ya tsinke ranar kasuwa.
Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta,
an ce ya fi wutar zafi.
Nawa ba shi da ƙaho, ba ya hayaƙi,
a jinina yake, yana kwana kusa da zuciya.

Dudu ta ce, "Malam, da furfurarka?
Surukai fa na gani."
Na ce, gara su gan ni ina haki
da su zo mini sannu da lemo a leda.
Ta ja tsaki. Amma tun daga ranar
ta ɓoye sukari, ta rage gishiri a miya.

Wata na uku na isa filin Pantami.
Wa zan gani? Yila, mai gyaran birkinmu na da,
tumbi a gaba, tawul a kafaɗa,
yana tiƙar ƙasa kamar tsohon inji.
Ko sallama babu, sai ya ce, "Kai ma?"
Muka dafa gwiwa, rabi haki, rabi dariya.

Tun daga nan muka jera.
Samari su wuce mu fuu,
mu bar su, ba tsere ya kawo mu ba.
Zagaye uku, ran da jiki ya yarda huɗu.
Lahadi yana coci, in yi ni kaɗai,
in rubuta masa bashi, Litinin ya biya.

Bara da kaka Yila bai zo ba.
Kwana biyu, kwana biyar, sai waya ta yi ƙara.
Muka kai shi Billiri.
A bakin ramin na ce a raina,
to ina amfanin gudun?
Matarsa ta miƙo mini tawul ɗinsa,
ta ce, "Da ƙafarsa ya yi komai har ƙarshe,
bai kwanta ana juya shi ba, ko kwana ɗaya."

Na sani, ba a tsere wa ajali,
ba shi nake gudu ba.
So nake ya same ni ina ɗaure takalmi da kaina,
ina hawa dakalin masallaci ba sanda,
ina sujada ba bisa kujera ba,
goshi a ƙasa, a kan sallaya.

Yau huɗu na yi, na ƙara ɗaya na Yila,
tawul ɗinsa ya jiƙe a wuyana.
A dawowa mai shayi ya ɗago kai,
don sabo yanzu, ba don tsoro ba:
"Lafiya, Baba?"
Na ce, "Ita nake bi tun asuba.
Zuba mini, ban da sukari.
Na kusa kama ta, ta fara gajiya."